Sabuwar Tukunyar Gwaggo Delu

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini barka da zuwa tambayarta biyu ce: yaya Duwala, kuma an dace? Na gaji da ba da amsa gutsi-gutsi a bakin murhu. Shi ya sa na zauna in rubuta shi a jere, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Karatuna bai yi nisa ba, a yi mini uzuri.

Saboda wadda ba 'yar garinmu ba, zan faɗi abin da ya kai ni a taƙaice. Lokacin da maza suka riƙa shigo da dutsen zinariya cikin gidaje ana daka shi a turmi, ƙurarsa ta shiga ko'ina. Ba mu san akwai dalma a cikinta ba. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya fara da amai, sannan jijjiga, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ƙanwarsa Rabi ta rayu. Likitoci sun ba ta maganin da ke fitar da dalma daga jini, an kwashe ƙasar tsakar gidanmu an zuba sabuwa. Amma sun gaya mini gaskiya. Sun ce abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa da wuya ya koma yadda yake, kuma duk ɗan abin da ya sake shiga jikinta ƙari ne a kan ciwon. Rabi ta isa shiga makaranta, amma kalmominta kaɗan ne. In kin kira ta, sai ta dube ki ta daɗe kafin kiran ya isa.

Ana nan sai ga saƙon murya a wayar maigidana daga Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai Duwala tun ba a haife ni ba. Ta ce autarta Mairo, wadda ke aiki a ɗakin bincike na jami'a, ta gano maganin dalma a cikin ganye, mai tsare ƙwaƙwalwa. Ta ce in kawo yarinyar. Na saurari saƙon har maigidana ya ce zan kashe masa caji. Da ya ga ba zan haƙura ba, ya haɗa ni da Hajiya Ladi, wata mai fataucin atamfa da ke zuwa Garwa, ya ce Allah ya tsare.

Daga Gusau muka faɗa Kano, daga Kano muka yi Yola. Ba abin labari a nan sai ciwon baya da Hajiya Ladi, wadda ba ta iya zama a mota ba tare da ta gyara wa direba tuƙi ba. A kan iyaka ne na fara sanin na bar gida. Wani jandarma, ɗan sandan can, ya karɓi katin rigakafinmu, ya duba ni, ya duba Rabi, ya sunkuya ya yi mata magana da Faransanci. Wani ya fassara: wai ta faɗi sunanta, ta kuma faɗa ko wannan matar uwarta ce. Rabi ta zuba masa ido. Ya sake tambaya, ya ɗaga murya. Shiru. Na ga ya fara kallona irin kallon da ake yi wa mai satar yara.

Hajiya Ladi ta ajiye jakarta ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka ga goshin ba? Ba ka ga haƙoran ba? Wa zai saci yarinya ya sato ta da kamanninsa?"

Bai ji Hausa ba, amma ya ji faɗan. Wata jandarma mace ta fito daga rumfa, aka yi mata bayanin ciwon Rabi. Ta miƙo mini katin da hannunta ta ce, "Ashiya, mama." Na tambayi ma'anarsa, aka ce kamar sannu ne, amma sannun da ake yi wa wanda ke ɗauke da abu mai nauyi. Na ji kalmar sau da yawa bayan nan, har bakina ya kama ta.

A Garwa muka sauka gidan da Hajiya Ladi ke sauka. Fulatanci ake yi, Hausa sai in an ga baƙo. Sun ba mu kunun gyaɗa da kifi, suka shimfiɗa mana a barandar ɗakin uwargidan saboda zafi. Nan muka rabu da Hajiya. Ta rubuta mini sunayen garuruwan da suka rage a bayan hannuna da biro, ta ce kada in wanke sai na isa, ta manta da alwala.

Mota ta kai mu Gaundare, daga nan jirgin ƙasa zuwa Yawunde. A kowace tasha mata na zuwa bakin taga da zuma da ayaba da wani abu dogo naɗe cikin ganye, an ɗaure shi da zare. Wata mata da ke gefena ta saya ta ba mu ɗaya. Da na kwance na ji tsami, na ɗauka ya lalace, na nemi in jefar a ɓoye. Ta kama hannuna tana dariya, ta gutsura ta ci don in gani. Rogo ne da aka jiƙa aka dafa, suna ce masa bobolo. Ni ban iya ba. Rabi kuwa ta cinye nata ta miƙa hannu ga nawa.

Tsakanin Yawunde da Duwala na ga abin da ban taɓa gani ba. Kaburbura a ƙofar gida, an yi musu siminti har da tayil, yara na wasa a kai, an shanya kaya a gefe. Da farko na yi a'uzubillahi. Da muka yi ta wucewa sai na kama kaina ina tunanin cewa matan gidajen nan sun san daidai inda nasu suke kwance. Ni ban san wane tudu ne na ɗana ba a maƙabartar garinmu, don mace ba ta zuwa, kuma a watan da ya rasu an haƙa ƙanana da yawa a jere. Na yi istigfari, na mai da idona kan hanya.

Duwala gari ne na ruwa. Sama na zubarwa, jiki na zubarwa, kaya ba sa bushewa. Unguwar Gwaggo ita ce New Bell, mutanenmu na can suna cewa Nubel. Lunguna ne matsattsu, da kwata a tsakiya da katako a kai, ga masallaci, ga masu tsire, ga teloli, kamar an ɗauko wani yanki na Kano an jiƙa shi. Hausarsu sai kin kasa kunne. Rabin magana Hausa, sai a zarce da Faransanci ba tare da an ja numfashi ba. Ɗan acaɓa a can bensikin ne. Kowace safiya burodi ne dogo mai tauri, ko fanke da wake. Shuwakar da muke ba mai jego don magani, su miya suke yi da ita da gyaɗa, kuma ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

Gwaggo Delu ta tsufa, amma muryarta ba ta tsufa ba. Sana'arta magani ce. Zaurenta cike yake da saiwoyi da sassaƙe da ganye, mata na kawo mata yara daga unguwanni. Ta rungume ni, ta yi mini gaisuwar rashin da ba ta samu yi ido da ido ba, ta ɗora Rabi a cinya tana shafa kanta.

Da yamma Mairo ta zo daga unguwar Logbaba inda take aure, da jaka a kafaɗa da tabarau. Taubashiyata ce, ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ba ta ɓata lokaci ba.

"A'a, baiwata ta iso. Wa ya nuna miki hanyar birni? Ko kin biyo igiyar lantarki?"

Na ce, "Na biyo warin kifi ne, ya kawo ni har ƙofarku."

Aka yi dariya. Amma da Gwaggo ta ce, "Ga mai maganin nan. Mairo, gobe sai ki ba Rabi," na ga fuskar Mairo ta canja. Ta juya ta yi wa uwarta magana da Faransanci da sauri. Gwaggo ta ce, "Yi da Hausa, ba a gulmar baƙo a gabansa." Mairo ta ce mini, "Gobe ki shirya, zan kai ki ki gani da idonki."

Ɗakin binciken yana da sanyi da warin asibiti. Ta nuna mini kwalabe a jere, kowace da ruwa mai kauri a ciki. Wannan an tatso shi daga zogale, wannan daga kurkur, wannan daga wani sassaƙe na dajinsu. Sannan ta kai ni wajen fararen ɓeraye a cikin keji. Ta ce ana ba su ruwa mai dalma, wasu a haɗa musu da ruwan ganyen, wasu a bar su haka. Sai a saka su cikin wani babban baho, su yi iyo su nemi wani ɗan dandamali da aka taɓa nuna musu. Wanda ƙwaƙwalwarsa ke lafiya yana tuna wurin. Ta saka ɗaya na gani, ya nufi wurin kai tsaye. Ta saka wani, ya yi ta kewaya bakin bahon yana dawowa inda ya fara. Na ce ta cire shi. Ta cire shi ta goge shi da tawul.

Na ce, "To wanne za a ba Rabi?"

Ta cire tabarau. "Yaya Balki, ba ko ɗaya. Muna ganin alamar wasu na taimaka wa ɓera, shi ma in an ba shi tare da dalmar, ba bayan ta gama ɓarna ba. Ba a gwada a kan mutum ba. Ban san adadin da zai yi wa yaro amfani ba, ban san wanda zai taɓa masa hanta ba. Na gaya wa Mama muna bincike, ita ta ji mun gano."

"Ko cokali ɗaya?"

"Ko ɗigo. In na ba ki, na mai da 'yarki ɓera."

Ban yi kuka ba, na riga na yi wanda zan yi a gida. Ta ce abin da ta sani tabbas shi ne a rufe duk ƙofar da dalma ke shiga, a ci gaba da kai Rabi awon jini, a ba ta abinci mai gina jiki, zogale da wake da kifi da nono, don cikin da ke da abinci bai cika jan dalma kamar wanda ke fayau ba. Na ce a raina, wannan ai an gaya mini a gida.

Ta ɗora mu a bensikin ta koma aiki. A unguwar Bepanda ruwa ya tsuge, mai mashin ya faka, muka ruga ƙarƙashin wata rumfar kwano. Ashe maƙera ce ta masu zuba tukwane. Irin farar tukunyar nan mai kauri da ke kowane gida a can, suna ce mata makokot. Na tsaya ina kallo don ba inda za ni. Ga tulin tarkace: gwangwanaye, fasassun kayan inji, tsoffin wayoyi, duk ana jefawa a wuta ana narkarwa a zuba cikin ƙasa mai siffar tukunya. A gefen tulin na ga kawunan batirin mota da wasu gutsattsari masu launin toka. A garinmu ma'aikatan lafiya sun zagaya da irinsa sun ba kowace uwa ta riƙe, don mu san nauyin dalma. Na ɗauki ɗaya. Ya fi girmansa nauyi. Na karce shi da farce, ya yi ƙyalli.

Na ce wa mai zubin, wani mutumin arewacin ƙasar da Hausarsa ke da karin Fulatanci, "Malam, wannan ma yana shiga?"

Ya ce, "Abin da ya zo shi ke shiga, Hajiya. In tukunya ta fito da ƙofa, da shi ma muke liƙewa. Yana da laushi."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Hannunsa duk ƙuna ne, kuma shi ya fi kowa shaƙar hayaƙin. Na ja Rabi muka fita cikin ruwan, muka tsaya a jiƙe har ya ɗauke.

Da muka isa gida na gaya wa Gwaggo abin da Mairo ta ce. Ta tsuke baki. "'Yan boko ke nan. Sai yarinya ta yi furfura suna gwada ɓera. Zogalen da take matsewa a kwalba, ina dafa shi tun ba ta san hanyar bakinta ba. Gobe ni zan yi wa jikata magani."

Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ganye ne da na sani, kuma na yi tafiyar nan ba don in koma hannu biyu ba.

Da hantsi na fito na tarar ta riga ta ɗora. Ta yi mini bayanin ƙa'idarsa yadda ta karɓa daga kakarmu. Maganin ƙwaƙwalwa ba a dafa shi a tukunyar da ta taɓa ganin miya. Sai sabuwa fil, wadda ba ta taɓa hawa wuta ba. A zuba tsamiya da yawa don ta jawo ƙarfin ganyen. A bar shi yana tafasa har ruwan ya koma rabi. Na leƙa murhun. Makokot ce, sabuwa, tana ƙyalli.

Na ce, "Gwaggo, a gida ai ta ƙasa ake sawa."

"A gida ke nan. Nan wa zai ba ki ta ƙasa? Tun ina amarya na koma wannan. Sabuwa dai aka ce."

Na koma ɗaki na zauna. Ina jin tafasar daga nan. Na yi ta gaya wa kaina wataƙila ba daga rumfar jiya ta fito ba, wataƙila abin kaɗan ne. Sai na tuna ƙurar turmi ma kaɗan muke ganinta.

Bayan azahar ta tace shi a kofi, ta yi addu'a ta tofa. Maƙwabta biyu sun shigo ganin yadda za a yi, ɗaya da goyo. Gwaggo ta miƙo mini kofin da hannu biyu. Rabi ta buɗe baki da kanta, don ta saba da shan magani.

Na riƙe kofin. Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Ba zan ba ta ba."

Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Me kika ce?"

"Ba ganyen ba ne, ba kuma hannunki ba. Tukunyar ce. Jiya na ga inda ake zuba su. Akwai dalma a ciki."

"Ni zan ba jikata guba? Balkisu, ni? Na aika miki ki taso tun daga Zamfara don in kashe miki 'ya?"

"Ban ce ba, Gwaggo."

"Duk Nubel a cikinta muke ci. Ga Mairo nan da kike jin maganarta, tuwon makokot ne ya kai ta jami'a."

Mai goyon ta ce, "Baiwar Allah, ki ba ta mana. An yi tofi a ciki fa."

Na durƙusa har ƙasa, kofin na hannuna. Na ce, "Na binne ɗaya. Da hannuna na share ƙurar da ta kashe shi, ina ganin tsabta nake yi. In kin ce in bar gidanki yau, zan bari. Amma wannan ba zai shiga cikinta ba sai an auna."

Gwaggo ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Na juye maganin a kwalba na rufe, na kira Mairo. Ta zo ta karɓa, ta haɗa da tukunyar. A bakin ƙofa ta ce mini a hankali, "Mun san tukwanen nan na da matsala. Ban taɓa tambayar Mama a cikin me take dafa wa mutane magani ba." Ba ta tsokane ni ba ranar.

Kwanakin jiran sun yi mini tsawo. Gwaggo na amsa gaisuwata da kalma ɗaya. Abinci kuwa ba ta fasa aiko mana ba, amma na lura ta koma dafa namu a wata tsohuwar tukunyar silba ta kanti da ta ciro daga ƙarƙashin gado. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Da Mairo ta dawo, ba ta yi Faransanci ba. Ta zauna a gaban uwarta ta ce akwai dalma a ruwan, kuma ba kaɗan ba. Ta ce sabuwar tukunya ta fi saki, tsami na ƙara jawo ta, doguwar tafasa na tattara ta wuri ɗaya. Duk sharuɗɗan nan uku da ke kyautata magani a tukunyar ƙasa, a wannan su ne suka ɓata shi.

Gwaggo ta ce, tana kallon tabarma, ba da kowa take ba, "Yaran mutane fa? Wanda duk aka kawo mini mai jinkirin magana, haka na yi masa."

Na matsa kusa da ita. Kalmar da ta zo bakina ita ce ta jandarmar nan. Na ce, "Ashiya, Gwaggo."

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Tashi ki ɗauko hijabinki."

Ranar muka shiga gidajen da ta tuna, tana gaba ina biye. A kowane gida ita ke magana. Ta ce a kai yaro awon jini, ta ce kuskuren nata ne, ta nuna ni ta ce, "Ku tambayi wannan, ta san abin." Wasu sun gode, wata ta rufe mana ƙofa. Washegari muka shiga kasuwa neman tukunyar ƙasa. Mun sha yawo kafin muka samu wajen wata tsohuwa da ke kawo su daga ƙasar tuddai, marasa fenti, marasa ƙyalli. Gwaggo ta ƙwanƙwasa kowace da ɗan yatsa tana saurare, ta yi ciniki da Turancin kasuwa har tsohuwar ta ce ta ɗauka ta tafi ta huta. Biyu ta saya. Mairo ta tafasa tsamiya a cikinsu ta kai aka auna, suka fito lafiya. An kuma auna jinin Rabi kafin mu taso. Bai ƙaru ba.

A tasha Gwaggo ta ba ni ɗaya, naɗe cikin zane, da ƙullin busasshen zogale. Na ce ai muna da masu ginin tukwane a gida. Ta ce, "Da wace ƙasar? Wadda aka kwashe daga tsakar gidanku?" Ta ce wa Mairo ta riƙa kirana duk abin da ɓerayenta suka ce, mai daɗi ko marar daɗi, kuma ta faɗa da Hausa. Ni kuma ta ce in riƙe tukunyar a cinya, kada in ba kowa ya ɗora a saman mota.

Haka na yi. Rabi a ƙafa ɗaya, tukunya a ɗaya, har Gusau.

To ga amsar masu tambaya ko an dace. Ban samo maganin da na je nema ba, don babu shi tukuna. Rabi na nan yadda kuka san ta. Ina dafa mata zogale a matsayin abinci, ina kai ta awo, ina zama da ita muna maimaita sunayen abubuwa har ta gaji. Wasunku sun ce in sam musu ganyen Duwala su dafa wa nasu. Zan bayar, ba rowa. Amma duk mai so ta zo da tukunyarta in gani.